Neman Ƙofar Diski a Kano

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo karɓar hoto sai ta tambaya, wadda muka haɗu a gidan suna sai ta ja ni gefe: "Zainabu, wai me ya kai ki Kano, kuma me kika gani da kika dawo jiki a sanyaye haka?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa na ƙara masa nasa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai ɗaukar bidiyon mata a nan Matameye. Biki, suna, walimar dawowa daga Makka, duk inda mata suka rufe ƙofar gida suka ajiye hijabi, ni ake bari in shiga da kamara. Abin da na ɗauka tun farkon sana'ata yana cikin diski huɗu, irin waɗanda ake jonawa da ordinata, wato kwamfuta, ta hanyar waya. Ordinatar kuwa tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, yayana ne ya bar min ita da zai koma Agadas. Ƙofa biyu gare ta ta jona diski, ɗaya ta yi sako-sako, sai na tokare wayar da kwalin ashana. Ɗayar kuma tana aiki, amma da nawa. In na fara kwafe biki guda da azahar, har magariba ba ta gama ba, kuma sau da yawa kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa a tsakiya in koma farko.

Na daure da haka har ranar da diskin da ya fi tsufa ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas a ciki. A cikinsa akwai iyayen mutane da yawa da suka riga mu gidan gaskiya, da muryarsu da dariyarsu, kuma babu su a wani wuri sai nan. Na je Damagaram na sayo wani ɗan akwati mai baki huɗu, ana jona shi a ƙofa ɗaya ta zama huɗu. Mai shagon ya nuna min cikin bakunan ya ce, "Kin ga shuɗi? Shuɗi shi ne mai gudu." Na kawo gida, gudu bai ƙaru ba, kuma da na jona diski biyu tare sai duka suka ɓace daga allo. Nan hankalina ya tashi. Gwaggo Habsu, ƙanwar babana, wadda ke fataucin atamfa tsakanin Kano da nan, ta ce in shirya mu tafi tare.

Rigimar farko a tashar Matameye aka yi ta. Direba ya ce jakata sai dai ta shiga but, ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce sai dai in fasa tafiyar. Gwaggo ta cire goro daga baki ta ce masa, "Kai, ɗan nan, abin da ke cikin jakar nan ya fi motarka daraja, har da kai a ciki." Haka na rungume jakar a cinya, ni da Gwaggo da wani dattijo mai zabi biyu a kwando, a kujerar da aka yi don mutum biyu.

A Ɗan Barto muka sauka muka nuna katin shaida, muka tsallaka Kongolam muka sauya mota. Iyakar ta ba ni mamaki don rashin abin mamakinta. Hausa ɗaya, fuska ɗaya, mai ƙosai ɗaya da ta can. Sai da na tambayi wani inda zan sa wayata a kuran, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Au, caji kike nufi?" Daga nan na fara gane cewa na bar gida.

Bayan mun wuce Daura ne aka tsayar da mu a wani shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya latsa jakata, ya ji abu mai tauri.

"Mene ne wannan?"

"Diski ne, ranka ya daɗe. Bikin mutane ne a ciki."

"Sauko ki kunna mu gani."

Na ƙanƙame jakar. Ba don ina ɗauke da abin laifi ba, sai don na san abin da zai bayyana: matan aure ba lulluɓi, suna rawa a tsakar gidansu. Na ce masa ba zan iya nuna wa namiji ba. Ya ɗaure fuska. Gwaggo ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗana, aikinka kake yi, ba mu hana ka ba. Amma in mahaifiyarka ce a ciki, za ka so wani ƙato ya kalle ta a bakin titi? Ba ku da mace a nan?" Sai ya kira wata abokiyar aikinsa da ke zaune ƙarƙashin bishiya tana ɓare gyaɗa. Muka koma bayan mota, Gwaggo ta yi mana labule da mayafinta. Na jona diski. Muka jira. Direba na danna ham, fasinjoji na tsaki, zabin dattijo na kuka, ordinata kuwa ko a jikinta. Da ƙyar hoton ya buɗe. Matar ta kalli kaɗan, ta yi murmushi, ta ce, "Ku tafi. Amma 'yar'uwa, wannan na'urar taki ta girmi kakata."

Kano ta shigo mini ta kunne kafin ta ido. Ƙarar ham, ƙarar injin wuta, ƙarar lasifika. Keke mai ƙafa uku da suke kira adaidaita ya fi ƙuda yawa, kuma wanda muka shiga ya ratsa tsakanin tirela biyu har na kama salati da ƙarfi. Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba, lissafin turamen da za ta saro take yi a waya. A Fagge muka sauka, gidan wata Hajiya da ke saukar da 'yan kasuwa mata na ƙasarmu. Ɗaki ɗaya ne babba, rabinsa dilolin kaya, rabinsa mu. Na je jona ordinata a bango na tarar da rami uku masu kusurwa, alhali kan wayata ƙafa biyu ne zagayayyu irin namu. Wata 'yar Magariya ta ce in tura tsinke a ramin sama sai na ƙasa su buɗe. Na ce na gode, ban zo Kano in mutu ba.

Abinci kuwa, gurasarsu da ƙuli da yaji ta yi mini daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma burodinsu zaƙi gare shi da laushi kamar soson katifa, ka matse shi ya koma dunƙule. Shayi kuma a ƙaton kofi ake zuba shi, fari fat da madara. Na tambayi shayi irin namu, na ƙaramin kofi mai kumfa, aka ce sai na je wurin Buzaye masu gadi. Fura ma na sha, sai dai in faɗi gaskiya, geronmu ya fi ƙanshi.

Da safe Hajiyar gidan ta kwatanta mana shagon wani Malam Auwalu a kasuwar waya da kwamfuta, ta ce mutum ne mai amana. Kasuwar nan gari ce guda. Tun daga bakin ƙofa ake tare mu: "Hajiya, me za a gyara? Hajiya, allo ne ya fashe?" Na ce ordinata ce, sai suka kama dariya suna cewa 'yan Faransa sun iso. Muka iske Malam Auwalu a wani lungu, dattijo mai furfura a gemu, tabarau biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, hadis nawa gare ki?"

Muka kalli juna ni da Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Malam, gyara muka kawo, ba musabaƙa muka zo ba."

Ya yi dariya har ya cire tabarau ɗaya. Ashe haka suke kiran diski a can, da Turancinsu.

Ya fara da akwatin da na sayo a Damagaram. Da izinina ya ɓalle shi da sukundireba ya nuna min ciki. Ya ce bakin da ke gudu da gaske yana da ƙarin 'yan ƙarafa biyar a can ciki bayan huɗun da ke gaba. Wannan huɗun kawai gare shi. Shuɗin roba ce aka rina. Na riƙe baki. Ya ce ko da na gaske ne ma, ba zai yi min amfani ba, tunda ƙofar ordinatar ita kanta mai nawa ce. "Famfon da ruwansa ke ɗiga, in kin raba masa baki huɗu, ɗigon kika raba, ba ruwa kika ƙara ba. Kuma diskin nan kowanne yana jan wuta daga jikin kwamfutar. Kin jona biyu, wutar ta kasa, shi ya sa suka ɓace."

Na ce to sai dai in sayi sabuwa ke nan, abin da ban da hali. Ya juya ordinatar, ya duba gefenta, ya danna wani wuri da babban yatsa. Sai wani ɓallin baƙar roba ya yi tsalle ya fito. Na yi ƙara, na ce ya karya min ita. Ya ɗaga robar ya ce, "Murfi ne kawai." A bayanta akwai wani dogon rami siriri. Shekara da shekaru ina aiki da na'urar nan, ina goge ta, ina kwana da ita a ɗaki, ban taɓa sanin tana da wannan ramin ba. Ya ce tsofaffin kwamfutoci irin wannan an yi musu shi don a zura musu kati na ƙari, kuma ramin yana haɗe da cikin na'urar kai tsaye, ba ta hanyar ƙofofin nan masu nawa ba. Akwai kati mai ƙofa biyu masu gudu. Sababbin kwamfutoci ba su da ramin, su wata 'yar ƙaramar ƙofa gare su da ake jona wa akwati na musamman. Katin ya yi wuya yanzu, amma zai nema.

Ya ce in bar masa kayan in dawo da yamma. Na ce a'a, na gaya masa dalili. Bai ji haushi ba. Ya share mana benci, ya fita da kansa, ya daɗe, ya dawo da kati a tsohon kwali da rana ta ci launinsa, da wani akwati mai baki huɗu na gaske, wanda yake da wayar wutarsa daban don ya ciyar da diskin. Katin ya shige ramin da 'yar ƙara kamar an kulle kwaɗo. Da ya zo saita shi sai ya tsaya cak, don ordinatata da Faransanci take magana. Haka muka yi aikin, ni ina karanta masa ina fassarawa, shi yana cewa in danna nan ko can.

Game da ƙas-ƙas ɗin ya ce, "Ko yunwar wuta ce, ko ajali ne ya kusa. Kada mu tsaya gwaji. A kwashe abin da ke ciki yanzu." Na sayi sabon diski, muka jona su biyu. Na ga koren layin nan da na saba gani yana rarrafe, yanzu yana tafiya a gaban idona. Biki guda ya ƙaura kafin Gwaggo ta gama tauna ɓarin goro. Sai da na buɗe shi na duba, don ban yarda ba. Yana nan cif.

Da labarin ya tsaya nan, da na dawo gida da fara'a.

Wayar wutar sabon akwatin ƙafa uku gare ta irin nasu, don haka ina bukatar abin da zai haɗa ta da bangonmu. Malam Auwalu ya kwatanta min layi na gaba. Na bar Gwaggo tana gadin kwafi, ta juya allon ya fuskanci bango. A hanya na wuce rumfar masu tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya. Akwai ƙaton allo a rataye, samari sun taru suna shewa. Kiɗan ne ya fara tsayar da ni, don na san shi. Na ɗaga kai. Na san tsakar gidan. Na san tabarmin. A kusurwar hoton ga 'yar alamar shagona, da hannuna na sa ta.

Wata Hajiya ce ta garinmu. Zan kira ta Hajiya Gambo, ba sunanta ba ne. Mace mai kamun kai, wadda ko muryarta ba a ji a waje. Ranar kamun ɗiyarta ta fari ƙawayenta suka ja ta fili, ta yi rawar da ba ta yi ba tun tana budurwa, har ɗankwalinta ya faɗi, tana dariya tana hawaye. Ni na ɗauka. A lokacin ina jin ban taɓa ɗaukar abu mai kyau kamarsa ba. Ga shi a tsakiyar kasuwar Kano, an rubuta a ƙasa wai rawar Hajiyar Nijar, wani yana cewa a mayar baya a sake.

Na matsa gaban teburin mai rumfar, na ce masa ya kashe. Ya ce, "Hajiya, in kina so a tura miki ne, kawo wayar."

"Na ce ka kashe! Matar aure ce. Uwar wasu ce. A cikin gidanta take!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga layin ya yi tsit. Wani ya ruga ya kira Malam Auwalu, ya zo yana gyara tabarau. Na nuna masa alamar, na ce aikina ne. Ya juya wurin mai rumfar ya yi masa magana a hankali, ba zagi, ya tambaye shi inda ya samu. Ya ce a wayar wani da ya kawo a zuba masa waƙoƙi ya gani, ya kwafa, ya ma manta ko wane ne. Samarin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfar ya goge a gabana, ya ba ni haƙuri, kuma na ga da gaske kunya ta kama shi. Amma ya ƙara da cewa, "Wallahi Hajiya na goge nawa. Sai dai ba ni kaɗai ke da shi ba." Ya nuna layin da hannu. Rumfuna ne iya ganina.

Na koma shagon Malam Auwalu. Abu guda na lura da shi kafin a goge: hoton ƙarami ne, dishi-dishi, irin wanda nake matsewa in sa wa amarya a waya in ta roƙa. Ba daga diskina ya fita ba. Daga wayar amarya ya tafi wurin ƙawa, daga ƙawa zuwa wa, Allah kaɗai ya sani, har ya tsallaka iyaka ba wanda ya tambaye shi katin shaida. Sanin haka bai sanyaya min rai ba. Malam Auwalu ya koya min yadda ake sa wa diski kalmar sirri. Ya ce, "Wannan zai tsare na hannunki. Wanda kika ba wani kuwa, ya fita hannunki."

A hanyar dawowa ni da Gwaggo muka yi ta jayayya. Ta ce in rufe bakina, abin da Hajiya ba ta sani ba ba zai hana ta barci ba. Na ce 'yan Matameye nawa ke shiga kasuwar nan? In ta ji a bakin wani fa, ko mijinta ya ji? Har muka wuce Kongolam ba mu daidaita ba. A tasha, tana karɓar dilolinta, ta ce, "In za ki je, ki je da rana tsaka, lokacin da Alhaji ke kasuwa."

Ordinata dai ta warke. Diski huɗu nake jonawa tare yanzu, babu wanda ke ɓacewa. Tsohon ya daina ƙara da ya samu isasshiyar wuta, amma na kwashe komai na ajiye shi a akwati.

Na je gidan Hajiya Gambo na iske ta tana tsince zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Sannan ta tambaya, "Fuskata ta fito?"

Na ce ta fito, Hajiya.

"Dariya suke yi?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ci gaba da tsintar zogalen. Ta ce ita za ta gaya wa Alhaji da bakinta, kuma kada in faɗa wa ɗiyarta, tana da ciki. Ta ce in ba sauran mata labari su kiyaye, amma ban da sunanta. Da na tashi tafiya ta ce, "Bikin autata yana nan tafe. Ke za ki ɗauka, ban yarda da kowa ba sai ke. Amma kada ki sa wa kowa a waya."

An yi bikin satin da ya wuce. Gida ya cika, an rufe ƙofa, mata sun ajiye hijabai. Ƙawayen Hajiya suka zo su ja ta fili, ta yi murmushi ta ce gwiwa ke damunta. Ta zauna a kan tabarma da mayafinta har ƙirji, hannu biyu a cinya, tana kallon 'yan mata suna juyi. Da kiɗa ya yi daɗi, na hango yatsun ƙafarta suna motsi a ƙarƙashin bakin zane. Na kau da kamarar zuwa wani gefe.